Za Mu Sauke Injin Iskarka, Audu

Zuwa ga aminina Malam Audu,

Gaisuwa mai yawa. Na san babu mai kai maka takardar nan. To amma shekara talatin ina magana kana musu, yau dai sai ka saurara.

Gida lafiya. Matarka Hajara ta fita takaba. Auduga ta yi kyau bana, ɗanka Sani har ya kai tasa Funtuwa.

Maganar injin iskarka ce, wanda ke jawo mana ruwa a rijiyar bakin kasuwa, wanda kake yi wa hidima tun zamanin En'e. Za mu sauke shi, Audu.

Ka tuna kana kwance ka ce ba ka jin kukansa, na ce maka iska ce ta kwanta? Ƙarya na yi. Ni na hau na ɗaure shi da sarƙa. Fiffike ɗaya ne ya ɓalle ya faɗo, taku biyu tsakaninsa da Hajara, tana tsaye da tulu. Na duba ƙafafunsa huɗu, biyu tsatsa ta cinye, har yatsana yana shiga. Na hana kowa gaya maka. Da ka ji, ai da rarrafe za ka fito da gwangwanin giris ɗinka, kai da taurin kai! Ka yafe mini. Abin yana damuna ƙwarai, amma wallahi ko yau haka zan yi.

Sani ya rantse ba mai taɓa aikin ubansa, har ya daina gaishe ni. Halinka sak! Ban ja da shi ba. Na kai shi gindin injin, na kama hannunsa na sa a ramin tsatsar, na nuna masa inda uwarsa ta tsaya. Washegari sai ga shi a maƙera da sifanarka.

Kada ka zaci fatali za mu yi da shi. Dagaci ya yarda, ma'aikatan ruwa na Malumfashi ma sun zo sun gani. Mun fara yashe tsohuwar rijiyar unguwarmu, don kada mata su rasa ruwa ko na yini ɗaya. Kafin iskar hadarin farko za mu kwance shi, daga sama zuwa ƙasa. Tankin ruwan kuwa yana nan, ba za mu taɓa shi ba. Fukafukan za su zama kwamin shayar da shanu, lafiyayyun ƙafafun nan biyu kuwa garma zan ƙera wa Sani da su. Ka taɓa ganin ƙarfe ya lalace a hannuna?

Ranar da za mu fara, da safe iska na kaɗawa a hankali, zan kori kowa daga wurin ban da Sani, in cire sarƙar, ya yi juyinsa na ƙarshe. Kukan da na hana ka ji, Sani zai ji maka shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Abokin musunka,
Garba Maƙeri, Ƙarfi