Albasar Constance Ta Yi Fure

Clinton, Maryland
5 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya Dabo. Ƙanwarka Lami ce ke gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya karɓi azuminmu, ya sa an yi sallah lafiya. Yaya ƙafar taka? Sadiyya ta ce min har yanzu da kanka kake zuwa fadama, wai ba ka yarda da ban ruwan kowa ba. Don Allah ka riƙa hutawa. Mu nan lafiya lau alhamdulillahi. Zulaihatu tana fama da aikinta na asibiti, mijinta Mu'awiya ma lafiya, jikokinka Ramla da Nazir sun yi tsawo, ana musu Hausa suna mayarwa da Turanci, ni har na gaji da faɗa. Da yatsana nake danna rubutun nan a waya, Zulaihatu za ta fitar a takarda ta ba Idrissa da zai zo gida, in ka ga kuskure ka san iya inda karatun nawa ya tsaya.

Yaya, ka tuna bara da ka kira ni ka ce me ya same ni muryata ta yi sanyi, na ce maka mura ce? To ba mura ba ce, kunya ce ta hana ni faɗa maka. Yau dai zan faɗa, don yanzu ina da bakin magana.

Muna da maƙwabciya sunanta Constance, baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, ta girme ni nesa ba kusa ba, ita kaɗai take zaune a gidanta. Ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma kullum da safe in na fito shara sai ta ɗaga min hannu, in na yi ƙosai na miƙa mata. A ƙofar gidanta akwai wani fure ruwan ɗorawa da ke fitowa da zarar sanyi ya fara sauka, sunansa dafodil. Ba iri ake shukawa ba, kai ne da shi a ƙasa kamar albasa sak, har ɓawon. Ba a ci fa, Zulaihatu ta ce guba ce, ko kusa da kicin kar ta zo. Ita Constance daga gidan mahaifiyarta a can kudu ta haƙo nata sanda tsohuwar ta rasu, an sayar da gidan tuntuni, abin da ya rage mata na uwarta ke nan. To, shekaran bara aka zo gyaran bututun ruwa za a farke wajen, sai ta tone su duka ta zuba a buhu, sun kai sittin, da nufin in an gama ta mayar. Kafin ta mayar ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, 'yarta Abby ta zo za ta tafi da ita jinya. Ranar tafiyar Constance ta sa aka kawo min buhun, don Zulaihatu ta taɓa ba ta labarin cewa a gonar albasa aka haife ni. Ta ce wa Zulaihatu ta gaya min in binne su a waje kafin ƙasa ta daskare, in ƙyale su, shi ke nan.

Na ji fa, Yaya, ba wai ban ji ba. Amma na ce a raina, ni 'yar Malam Fatihu za a koya wa albasa? Wane mai hankali ne zai bar abu mai rai a waje cikin sanyin nan da ko kare ba a bari? Kai ba ka san shi ba, ruwa in ka zubar a tsakar gida kafin ka juyo ya zama dutse. Kuma amana ce. Sai na sa Mu'awiya ya sayo min bokitai, na cika da ƙasa na shuka su sama-sama yadda muke dashe, na jera su a ɗakin ƙasa kusa da hita inda ya fi ɗumi. Safe ruwa yamma ruwa, kamar yadda Baba yake yi wa fangalinsa. Zulaihatu ta yi min magana sau biyu, na ce ta tsaya a kan allurarta ta bar min noma. Da suka tsiro har kiran Mu'awiya na yi ya zo ya gani. Ganye ya yi ta tsawo, fari-fari, ba ƙwari, yana kwanciya. Fure ko ɗaya. Daga baya ɗakin ya fara wari. Na zazzage bokiti ɗaya, wallahi hannuna nutsewa ya yi cikinsu kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ashe su sanyin ne abincinsu, in ba su sha shi wata uku a ƙasa ba ba za su yi fure ba, ruwa kuma in ya yi yawa kashe su yake. Ni ina ganin gata nake musu.

Constance ta dawo a watan huɗu tana tura irin ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Zulaihatu ta ce bari ita ta je ta yi mata bayani, na ce a'a, ni na ɓata, da ƙafata zan je, ke dai ki fassara kuma kar ki gyara min magana. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dai kalli wajen da furen yake a da, ta ce ba komai, ta shiga gida. Daga ranar in na fito shara labulenta a sake. Na kai ƙosai sau ɗaya, ta karɓa ta yi godiya a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. A satin nan ne ka kira ni.

Amma ban zubar da su duka ba. Na bi bokitan ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda suke da sauran tauri, goma sha tara. Na fitar da su rana na daina ba su ruwa har ganyen ya bushe don kansa. Lokacin ya zo daidai da babbar sallah, Mu'awiya ya gasa naman layya da itace a bayan gida, na hana shi zubar da tokar. Na tankaɗe ta, na ɗauki wuƙa na yanke duk inda ya fara laushi, na shafe wajen da toka yadda Baba yake yi wa albasar iri in ta fara ciwo, na baza su a inuwa a gareji har suka sha iska, sannan na zuba a buhun raga na rataye. Mu'awiya ya ce wai ya duba a waya bai ga inda aka ce a yi haka ba. Na ce masa ai wayar ba ta san Baba ba. Duk bayan kwana biyu sai na sauke na latsa su na shinshina. Biyu suka tafi, sha bakwai suka tsaya da ƙwarinsu.

Da watan goma ya ƙare na ce wa Zulaihatu ta je ta tambayo min Constance yadda ake yi tiryan-tiryan, wannan karon ba zan ƙara ko rage ba. Ashe ita Constance ta ɗauka duk sun mutu. Zulaihatu ta ce da ta ji sha bakwai sai da ta sa aka maimaita mata. Ta ce rami ya kai zurfin taƙi, tsinin ya kalli sama, a bar tazara kamar faɗin hannu, a ba su ruwa sau ɗaya tak, sannan a manta da su. Ta ce kuma a nata wajen za a sa, inda suke a da. Na durƙusa a ƙofar gidanta na haƙa da kaina, tana daga taga tana kallo. A nan ne Abby ta gaya wa Zulaihatu cewa in zafi ya shigo za ta ɗauke uwar gaba ɗaya ta koma wajenta, gidan sama ne ba ƙasar shuka. Ka ga ke nan wannan shekarar ce kaɗai ta rage mata. In ba su fito ba, shi ke nan ta tafi ba ta ƙara ganin furen uwarta ba, kuma ni ce sila.

Mantawar nan ita ce aikin, Yaya. Haƙa ba komai ba ne. A watan ɗaya aka yi wata ƙanƙara da ta kai min gwiwa, ta daskare a kansu sati biyu. Wallahi rannan har na ɗauko tsohon bargo na kai bakin ƙofa, Zulaihatu ta tsaya tana kallona, na juya na mayar. Kurege ma ya zo ya tona ɗaya, ya shinshina ya bar ta, na mayar na danne. Kullum in na idar da sallar asuba sai na sa su a addu'a, kar ka yi min dariya.

Azumi na da kwana huɗu na ga tsinin kore ya huda ƙasa, gajere, mai kauri, ba irin dogayen ragwayen nan nawa na ɗakin ƙasa ba. Na ƙirga, sha bakwai cif. Ban gaya wa kowa ba, don na taɓa ganin ganye ya yaudare ni. Sai da na ga kawuna sun kumbura sannan na kira Zulaihatu. Kwana biyu bayan sallah furen farko ya buɗe, ruwan ɗorawa shar, da baki a tsakiya kamar na algaita. Kafin sati ya zagayo, guda goma sha ɗaya sun buɗe. Shida ganye kawai suka yi, an ce sai baɗi in sun ƙara ƙarfi.

Ban je na buga mata ƙofa ba. Da hantsi ina shara sai ga ta ta fito tana tura ƙarfenta, ta tsaya a kansu ta daɗe. Can ta yafito ni da hannu, ta nuna min kujera a barandarta, na ɗauko mata, ta nuna ta biyu ta nuna ni. Muka zauna gaban furen ni da ita kusan awa ɗaya, ba mai jin yaren wani, tana share ido ina share nawa. Da Zulaihatu ta dawo daga aiki sai Constance ta aika a kira mu. Ta tambayi abin da na yi musu suka rayu, na faɗi maganar toka da buhun raga, ta yi ta girgiza kai, ta ce ita shekara hamsin tana shuka su ba ta taɓa ceto wanda ya fara ruɓewa ba. Sannan ta ce in ganye ya bushe in tone su in mayar ƙofar gidanmu, ta bar min su duka, don ba ta san hannun da ya fi nawa ba. Abin da take so kawai, duk shekara in sun buɗe a yanko mata biyar a kai mata. Na ce ko da ƙafa ne zan kai.

Yanzu furen ya fara yaushi, amma ganyen dole a bar shi sati shida ya mayar da ƙarfinsa ƙasa. Jiya Mu'awiya ya fito da injin yankan ciyawa zai taimaka mata da nata wajen, na tsaya a gaban injin na ce ya kashe. Ya ce Mama ai sun gama. Na ce in ya taɓa ganye ɗaya sai dai ya nemi mai yi masa tuwo. Injiniya guda ya ja injinsa ya kewaye.

Ka gaishe min da Sadiyya da yaran duka, da Aliyya da mai jego, Allah ya raya. Zulaihatu da Mu'awiya suna gaishe ka da kyau. Na sa hoton furen a cikin takardar, ni ce a gefe da jan mayafi, ka nuna wa mutanen fadama ka ce musu aikin ƙanwarka ne. In ka je ziyara maƙabarta ka yi wa Baba addu'a a madadina. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Lami