Ya Ce In Tsallake Shi Da Ludayi

Assalamu alaikum Admin, da ku 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Shawararku nake nema don girman Allah, kuma da gaggawa, domin ranar Asabar mai zuwa abin zai faru, ni kuwa har yanzu ban san da wace ƙafa zan fita ba.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya a hedimasta, shekaruna sun doshi saba'in. Na san da yawanku sa'annin 'ya'yana ne, wasu ma jikokina, to ku yi haƙuri da tsawon rubutun, malamin makaranta bai iya gajarta magana ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Balan da Toranke, ba zan faɗi sunansa ba. Muna da ƙungiyar aikin gayya wadda ta girmi yawancin mambobinta na yanzu, kuma bana ni aka ɗora wa shugabancinta, bayan na shafe shekara da shekaru ina zillewa, duk lokacin da aka nufo ni sai in ce makaranta ta riƙe ni, da na yi ritaya kuma na koma cewa gwiwa. Bana dabara ta ƙare.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane inda matsalar take. An kafa ƙungiyar ne a farkon shekarun saba'in, daidai lokacin da ake ta rikicewa da lissafin sabon kuɗi bayan an bar fam da sule, ina saurayi ko gemu ban fara ba. Wanda ya tara mu shi ne Yaya Ɗanjuma, ba wana ba ne na jini, amma haka duk muke kiransa. Dogo ne baƙi mai murya, in ya yi kira daga bakin masallaci har mata a cikin gida sai sun ji. A lokacin akwai wani kwari a hanyarmu ta zuwa Gaya, da damina ta sauka ko jaki ba ya haye shi da kaya, mara lafiya kuwa sai dai a ɗauke shi a kan ƙyaure. Da shi muka fara, muka yi ta jidar duwatsu da marmara a ka har muka cike shi. Daga nan sai yasar rijiya, sai sharar maƙabarta, sai yaɓen ɗakunan tsofaffi kafin ruwa, sai nome gonar matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. A tsakaninmu kuma duk mamba ana yi masa noman fari da maimai, wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Dokarmu kuwa Yaya Ɗanjuma ne ya kafa ta da bakinsa. Shugaba shekara ɗaya yake yi, ana sauyawa da bazara kafin ruwan shuka. Ranar sauyin ana dama kunun tsamiya a babban masaki, a zauna a da'ira a gindin durumin bakin gari, sabon shugaba ya ɗebo da ludayi ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa da hannunsa. Duk wanda daminar da ta wuce bai fito aiki ba ko sau ɗaya, sai a wuce shi, a miƙa wa na kusa da shi. Ba a cewa komai, ba zagi ba tuhuma, amma kowa ya gani, kuma shi ke nan wannan shekarar ba ya cikin ƙungiya, ba za a shiga gonarsa ba. Babu wakilci, ɗanka ko ƙanenka ba ya fitar maka, kuma babu uzuri, don ya ce in aka buɗe ƙofar uzuri gobe rabin gari ciwon baya zai kama su.

A shekarun farin nan da aka sha wahala, wan Yaya Ɗanjuma uwa ɗaya uba ɗaya, Garba, kurkunu ya kwantar da shi. Yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, ku gode wa Allah, tsutsa ce take fitowa ta ƙafa, mutum ya yi wata da watanni yana jan gindi. Garba bai taka ƙafarsa waje ba duk daminar. Da bazara ta zo aka sake ba Yaya Ɗanjuma shugabanci, dattawa suka same shi a gefe suka ce ya duba, wannan larura ce kowa ya shaida, ya ce doka ba ta san ɗan'uwa ba. Ina zaune a da'irar, tsakanina da Garba mutum ɗaya ne. Wallahi har yau ina ganin hannunsa, ya riga ya miƙo shi, ludayin ya wuce ta gabansa. Ya daɗe bai mayar da hannun ba. Sannan ya lalubi sandarsa ya tashi yana ɗingishi. Kafin ruwa ya sauka ya kwashe iyalinsa ya tafi Kano, ya koma dako a kasuwa, bai sake kwana a garin ba har Allah ya karɓi ransa.

Tun daga wannan ba a soke dokar ba, amma mutanenmu suka samo mata hanya. In mamba ya kwanta ciwo, sai a je a ɗauko shi rana ɗaya, da can a kan jaki ko keke, yanzu a mashin ko adaidaita, a kai shi bakin gonar da ake aiki, a ɗora masa fartanya a hannu ya ɗan taɓa ƙasa, shi ke nan ya fito. Shi kansa Yaya Ɗanjuma yana gani bai taɓa hanawa ba, bai kuma taɓa yabawa ba. Da ya tsufa ma bai daina zuwa ba, zai zauna a inuwa yana gyara mana ƙotar fartanya yana yi wa samari tsiya wai noman 'yan boko suke yi.

To bara, ana gab da shuka, ya faɗi a bakin ƙofarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo, kai garau, amma ƙafa da hannu sai a hankali. Da aka fara noma samari suka je da adaidaita za su ɗauko shi kamar yadda aka saba yi wa kowa, ya kore su. Suka koma, ya sake korarsu. Shugaban bara ya je da kansa, liman ya je, ni ma na je, ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a ɗauka a ajiye a bakin gona. Mu duka muka ɗauka zafin ciwo ne da rigimar tsufa, muka ƙyale shi. Gonarsa dai an nome ta bara, tunda yana da ludayin shekarar. Haka damina ta fita bai fito ba.

Da aka zo maganar wanda zai karɓi bana, sai na ji ana cewa Yaya Ɗanjuma ya aiko, in dai ana jin maganarsa Hedimasta za a ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har da jin daɗi, ina cewa ashe dai dattijon ya san mutane. Matata ta kalle ni ta ce Malam ka bi a hankali, mutumin nan bai taɓa yin abu don faranta wa wani ba. Na ce mata ke dai ba kya son ki ga an yaba ni. Na sa babbar riga na tafi yi masa godiya.

Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce in matso. Ya ce, "Hedimasta, cikin waɗanda suka zauna ranar Garba, daga ni sai kai muka rage. Ran Asabar za a kai ni gindin durumi. In ka zo kaina ka wuce." Na ce Yaya wace irin magana ce wannan, ya ce ita ce maganar da ta sa ya ce a ba ni, don yaran nan ba za su iya ba, kunyarsa za su ji. Na ce to ni an gaya maka ba ni da kunya ne? Ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce wanda ya shekara talatin yana zane 'ya'yan mutane ai ya saba. Ni dai ban yi dariya ba.

Na kawo masa duk hujjar da na sani. Na ce larura ce, ya ce ta Garba fa? Na ce zamani ya canza, ya ce dokar ce ba a canza ba, kuma duk shekarun nan ba wanda ya tashi ya ce a soke ta, wayo kawai ake yi mata. Na ce to mu kira mitin mu soke ta yanzu, ya ce ku soke bayan Asabar, ba za a soke doka ranar da ta iso kan mai ita ba. Na ce shi ke nan, in an wuce ka sai mu nome gonar a cikin gonakin masu rauni, kamar yadda muke yi wa marayu. Nan fa ransa ya ɓaci har yana sarƙewa, ya ce Garba ba wanda ya nome masa ko kunya ɗaya, duk wanda ya sa fartanya a gonarsa da sunan taimako bai yafe ba duniya da lahira. Ya ƙara da cewa in na kuskura na miƙo masa ludayin, da hannun hagunsa zai kifar da shi a gaban jama'a. Kuma na san shi, zai aikata.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne Sani, ɗan marigayi Garba. A Kano ya girma, ya dawo gida da daɗewa ya karɓi gonar ubansa, yanzu shi ne ƙarfin ƙungiyar, samari duk bayansa suke. Yana gaida baffan nasa, yana kai masa cefane da salla, amma ban taɓa ganin sun zauna sun yi hira ba. Na same shi a gona na gaya masa komai, ina fatan ya ce zai je ya roƙe shi, don na tabbata maganarsa kaɗai za ta iya juya dattijon. Sai Sani ya ce, "Baba, ni ban ce a wuce shi ba, ban ce a ba shi ba. Ranar da aka wuce mahaifina ba a tambaye mu ba." Ya ci gaba da sharar gonarsa. Na rasa gane ko jira yake ya ga an wuce baffan nasa, ko shi ma abin ne ya fi ƙarfinsa.

Yanzu gari ya rabu. Wasu na cewa wanda ya wuce Yaya Ɗanjuma da ludayi ya yi butulci, mutumin da ya cike mana kwari, kuma su daga ranar sun bar ƙungiya. Wasu na cewa a bar shi ya sami abin da yake nema, ƙila shi ne zai ba shi natsuwa kafin ya koma ga Allah. Liman ya ce mini abin da ya dace shi ne dattijon ya yi wa ɗan'uwansa Garba addu'a da sadaka, ba ya hana kansa abinci ba, na ce Malam je ka gaya masa, ya ce ya gaya masa ya fi a ƙirga. Ni kuwa abinci ba ya shiga, in na zauna sai in tashi, in ɗauki carbi in ajiye, jiya har na kama hanyar Gaya ba tare da na san abin da zan je yi ba, sai da na kai rabi na juyo. Haushin Yaya Ɗanjuma nake ji ƙwarai, ban ɓoye muku ba, don ya rasa hannun da zai hukunta kansa da shi sai nawa. Kuma tausayinsa nake ji har cikin raina, don sai yanzu na gane abin nan bai taɓa barinsa ba tun muna samari.

Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar, amma duk wanda ya ɗauki ludayin a madadina wannan wutar zai taka, kuma shekarar shugabancina ta fara da gudu ke nan. Na yi tunanin in hana a kai shi, to mutum da hankalinsa ya ce a kai shi, in sa a tsare shi a ɗaki kamar yaro?

Ɗazu da hantsi na sake komawa wajensa, bai ko bari na zauna ba, ya ce magana ta ƙare. Ina fitowa matarsa ta biyo ni zaure, tsohuwa ce ita ma, ga jikoki marayu a hannunta, 'ya'yan ɗansu da ya rasu, ba wani namiji babba a gidan. Ba ta taɓa yi mini magana a kan ƙungiya ba sai yau. Ta ce hatsin da ke rumbu ba zai kai su kaka ba ma, balle a ce bana ba a shuka ba. Ta ce, "Malam, shi lahira yake tunani, ni kuwa da safe yaran nan ni suke kallo."

'Yan uwa ku gaya mini tsakani da Allah. In miƙa masa ludayin ya kifar a gaban mutane, in tozarta dattijo in hana shi abu ɗaya da ya roƙe ni a rayuwarsa? Ko in wuce shi kamar yadda ya ce, in bar gidan nan ba noma? In akwai wanda ya ga wata hanya da ni ban gani ba, don Allah ya rubuto kafin Asabar, ko da yaro ne sa'an jikana zan karɓa. Ni dai na kasa duban idon matar nan in ce mata doka ce.