Wayata ta cinye muryar Inna tun daga farko

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, bara na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Birnin Gwari.

An haife ni shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ban yi boko ba, ni na yi noma ƙanena ya yi karatu, yanzu aikin kwamfuta yake a Kaduna. Kafin Inna ta rasu na riƙa ɗaukar muryarta a waya, tana ba ni labari a jere, tun daga shekarar samun 'yancin kai da aka kai ta aure Tabanni, da sunayen kakanninmu, da inda aka binne yayyena biyu a bakin daji, wurin da yanzu ba ya shiguwa. Don in rubuta wannan da hannuna na shiga aji.

Da wayar ta fara cika sai ƙanena ya sa mini wata manhaja da shi ya haɗa, ya ce za ta gyara komai. Ashe in sabon abu ya shigo babu wuri, sai ta cire na farkon layi, na bayansa ya matso, shi ma ya jira ranarsa. Lokacin bikinsa ya yi ta turo mini bidiyo, ina murna ina buɗewa, kowane ɗaya yana ture Inna.

Ran da na iya haɗa jimla na zauna da biro, sai na tarar labarin ya fara daga tsakiya. Na kira ƙanena na ɗaga murya, ashe surukansa na kusa. Ya yi dariya ya ce da saninsa ya tsara ta haka, tsohon abu ai shi ake fara zubarwa, kafin in gama a, ba, ca ma na bi Inna. Wai ƙila akwai kwafi a kwamfutarsa, bai duba ba, kuma ba zai duba ba sai na zo Kaduna na durƙusa gaban matarsa na ba shi haƙuri.

Ni na goya yaron nan. In je in durƙusa a kan ƙila, ko in haƙura? Murya goma sha ɗaya ce ta tafi, da sunan kakanni huɗu, da kabari biyu.