Daftarin Makaranta Babu 'Ya'yan Fari

Zuwa ga Shehu Malam Haruna, shugaban dattawan da ke riƙe da makarantar yaranmu ta unguwar Tandabawi a nan Makka, da sauran dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rakiya mai gyaɗa, ta gidan kwanon nan na bayan wurin ɗiban ruwa. Na roƙi ladan ya karanta wannan takarda a ƙofar masallaci bayan la'asar, don na zo a asirce ba a ji ni ba.

Kowa ya san yadda aka faro. Rufin makaranta ya lalace, malami ɗaya ne, ya gaji. Kuka ce a nemi taimakon hukumar ilimi, ta turo malami mai albashi da benci da littattafai. Muka yi murna, wallahi har guɗa aka yi. Hukuma ta ce sai an ji ta bakin mutanen unguwa, kuma a kawo daftari mai sunan kowane yaro, wanda ke ciki shi ke da gurbi. Asabar ɗin nan za ku kai daftarin. Ɗana ba ya ciki.

Na ɗaya, batun shawara. Kun tara maza a masallaci, kun ce unguwa ta yi magana. Wace unguwa, ranka ya daɗe? Tun da jiragen alhazai suka fara sauka, mazanmu da yawa suna Jidda wajen dako, har da maigidana. Mu da muka rage, mu muka saƙa tabarmin da yaran ke zama a kai, mu muke cika randar makaranta. Ba wanda ya ɗaga labulenmu ya ce, me kuka gani? Da ko tsohuwa ɗaya kuka zaunar kuka gaya mata yadda za a ɗauki sunaye, da tun a nan ta ce muku akwai gyara.

Na biyu, batun katibi. Kun ɗauko Balarabe ɗan Hijaz saboda hannunsa ya fi kyau a takarda. Mutum ne mai ladabi, ban ɗora masa laifi ba. Ya zo ran Talata da hantsi, ya tsaya bayan labule, ya ce in faɗi sunayen yarana maza. Malam, kai Bakano ne. Ka taɓa jin uwa ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari? Balle wannan, sunan marigayi surukina aka sa masa. Surukata na zaune gefena tana ɓarar gyaɗa, ita ma sunan mijinta ne, ba za ta faɗa ba. Mata biyu a ɗaki, duk bakinmu a ɗaure. Sai na ce Sani, ƙaramin. Ya ce, "Bas?", wato shi ke nan? Na yi shiru. Shi kuwa ya ɗauka shirun nan amsa ce, ya sa na dangwala yatsa, ya wuce.

Ban damu ba a lokacin. Na ce ai dattawa za su duba. Yaron da a daidai wannan hantsin yake zaune a makarantarku riƙe da allo, shekararsa uku yana zuwa, wa zai manta shi? Ashe ba wanda ya duba.

Sai da malami ya karanta sunayen a gaban yara. Aka kira ƙaninsa, shi ba a kira shi ba. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Ni bai ce min komai ba, kun san tsakanin uwa da ɗan fari. Kakarsa ya samu, ina jin sa ta bayan ƙyaure: "Kaka, ni ba ɗan gidan nan ba ne?"

Na uku, ba ni kaɗai ba ce. Na zaga. Na Hajara babu, na Ladi Basakkwata babu, na Inna Mero da ta zo ta Sudan babu. Duk gidan da uba ba ya nan ranar, ƙannai aka rubuta, yayye suka zube. Ku buɗe daftarin ku gani da idonku.

Na huɗu. Ran Alhamis na zo ƙofarka. Ka ce umda, mai unguwa, ya riga ya buga hatimi, in aka ga kankare ko ƙari hukuma za ta yi zargin an cusa sunaye, taimakon ya koma makarantar unguwar Rusaifa, kowa ya yi asara. Na ji wannan, ni ma ina tsoronsa, Sani na ciki ai. Amma da ka ce in bari sai baɗi, Malam Sule da ke gefenka ya yi dariya ya ce, "Ku matan nan, har Makka sai da kuka ɗauko Kano a ka." To Malam Sule, kunyar nan a gidajenku muka koye ta. Da na kira sunan a gaban baƙo, kai za ka fara cewa 'yar wane ba ta da tarbiyya.

Kuma baɗin nan ba namu ba ne. Ku da kanku kuka ce wanda ya kai goma ba a ɗaukarsa ajin farko, shi kuwa bayan Hajji zai cika. Baffansa tuni ya tanadar masa sanda da garwa biyu, ya ce in makaranta ta ƙi shi, ga ruwa nan ya ɗauka. Ba na raina sana'ar. Amma na ga kafaɗar baffan nasa.

Ga abin da nake roƙo. Kada a kankare komai. A ɗauko farar takarda a sake rubutawa, yau Lahadi, akwai kwana shida. A haɗa katibi da tsohuwa su sake zaga gidaje, kowace uwa maƙwabciyarta ta faɗa mata sunan. Ku koma wurin umda ku gaya masa gaskiyar abin da ya faru, in kuna jin nauyi mu matan za mu tsaya a ƙofarsa. Kuma nan gaba in an ce shawarar unguwa, a tuna unguwa tana da bayan labule.

In kuwa duk wannan ya yi muku yawa, kuka ce sai daga bakin uwa, to ga shi. Surukata ta yafe min, matan unguwa su faɗi abin da za su faɗa. Ladan, kada ka tsallake, ka ɗaga murya. Shekara tara ban faɗa ba. Sunansa Usman, ɗan Idrisu. Ɗana ne. Ku rubuta shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ku ikon yin adalci, ya sa taimakon nan ya fito da albarka, ya raya mana yaran duka, na fari da na baya.

Wassalam.

Rakiya, uwar Usman.