Mangwaron da Na Raba a Daren Ɗari

Ra, Fiji

Yaya Torika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin gonar mangwaro a Ostareliya bai tsotse ki ba. Guguwar da ta biyo bayan rasuwar Baba ta karya mangwaronsa na ƙofar gida. Reshe ɗaya ne ya tsira a jikin kututturen. Zan yanka shi in yi wa ƙananan mangwaron daji aure, in raba wa dangi a taron daren ɗari, ranar cire baƙin makoki. Kowane gida ya samu irin na Baba.

Kawu Penioni na tsallaken rafi wai in jira ruwa ya ɗauke. Na ce masa a gaban mutane ya je ya ji da nasa mangwaron, ai daga na Baba ya samo shi. Kin san ni, ba na son a koya mini riƙon wuƙa.

Ƙanenki,
Sakiusa

*

Sakiusa sarkin gaggawa,

Ina amsa gaisuwa. Don Allah ajiye wuƙar nan. A nan ba ma yi wa itace aure ana tafka ruwa. Yankan zai jiƙe, ledar da ka ɗaure ta riƙe danshi, kafin ya kama ya ruɓe. Jira sama ta bushe, idon reshen ya kumbura. Kuma kada ka yanke reshen duka, shi ke riƙe da ran kututturen.

Yayarki,
Torika

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta tarar na riga na yanke reshen tas. Duk auren ya yi baƙi, na kwance ledar sai wari. Kututturen kuma ya bushe.

Ba ma wannan ne abin kunyar ba. Dashen sun fito da sabon ganye ta ƙasan yankan, wato na daji ne ya tofo. Na gani, na kuma sani. Amma an riga an sanar da rabon a coci, sai na cire ruɓaɓɓen na raba su haka. Dattawa suka karɓa da tafi, aka miƙo mini ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar nan na taron girmamawa, na sha ban ji ɗanɗanonsa ba. Gwaggo Asenaca ta rungume nata tana kuka. Washegari ta binne cibiyar sabon jikanta ta dasa mangwaron a kai, wai yaron ya tashi da mangwaron kakansa.

Yaya, mangwaro mai tsami da zare dashen nan zai haifa. Yanzu ta bayan gidanta nake bi in zan je gona. Kunya ta ishe ni.

Sakiusa

*

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Na yi fushi, na yi kuka, na gama. Dashen ba su ɓaci ba, saiwarsu na da ƙarfi, ana iya sake musu aure da rani. Reshe kuwa yana tsallaken rafi, wurin mutumin da ka yarfa. Sayi saiwar yangona, ka zauna a ƙofarsa kanka a ƙasa.

Sauran ya fi wuya. Ba a sake aure sai an datse kan dashen. Gida-gida za ka bi, ka yanka a gaban mai shi, ka faɗi dalili. Ba zan ɗauke maka wannan ba.

Torika

*

Yaya,

Gaisuwa. Rani ya shigo. Kawu ya karɓi yangonar, ya ce, "Ɗan nema, ai na bar maka reshen gabas tun ranar da ka gaya mini magana."

Da gidan Gwaggo na fara. Na faɗa mata komai, ban iya ɗaga kai ba. Ta daɗe tana kallon dashen, sannan ta shiga ta ɗauko jaririn, ta zauna kusa da ni.

"Yanka," ta ce. "A hankali dai, cibiyarsa na ƙasa. In ya girma kuma kai za ka ba shi labarin, ba ni ba."

Na yanka. Gobe sai gida na gaba.

Ƙanenki,
Sakiusa