Rigar da Ba Ni Na Yanka Ba

Landan,
9 ga Maris, 1998

'Yar'uwata Enid,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Walter da jikoki. Yaya gwiwar taki? Kin ce likita ya hana ki hawa bene, amma na san halinki, sai dai in ɗaure ki aka yi. Ki gaishe min da Walter, ki ce masa na ji tumatirinsa ya ci gasa, to kada ya cika mana kunne.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa tunda mun saba da waya. Abin da ke raina ne ba ya faɗuwa a waya.

Kin tuna na gaya miki gidan tarihi zai baje kolin rigunana a watan Yuni. Riga saba'in suka tattaro, wasu daga hannun matan da suka saya tun muna da ƙuruciya. Matar da ke kula da aikin sunanta Imogen Farrant, mai natsuwa ce, ba ta taɓa yadi sai da farar safar hannu. Ranar Talata da hantsi ta kai ni ɗakin ajiyarsu. Enid, da na san abin da zan tarar da na ce ba ni da lafiya. Mutum-mutumi ne a jere, babu kai, babu hannu, kowanne sanye da rigar da na sani. Ga wadda na sa ranar aurena da Hugh, ga koriyar da na je jana'izar Mama da ita kika yi ta yi min faɗa. Ji na yi kamar na shiga taron matan da na taɓa zama, duk sun juyo suna jiran in yi magana.

A can ƙarshe farar rigar nan take, ta fim ɗina na farko, wanda na fito a matsayin amaryar da ta nitse a kogi. Ita ce ta yi min suna, kin sani. Imogen ta durƙusa ta juya kalmasar rigar, ta nuna min wani ɗan ɗinki na shuɗin zare, tsaga uku, kamar sawun tsuntsu a kan laka.

Ta kira ni da sunana na wasa, ta ce, "Uwargida Sayle, wannan alamar taki me take nufi? Na same ta a riga arba'in da ɗaya. Daga shekarar 1975 kuma sai ta ɓace."

Ban taɓa ganin alamar ba a rayuwata. Amma wanda ya yi shekara talatin a kan dandamali ba ya rasa ta cewa. Na yi dariya na ce camfi ne irin na 'yan wasa, don korar baƙin jini. Ta rubuta a littafinta. Ina kallo ta rubuta.

Zan ƙara rubuto miki idan na samu zuciya.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Norma


Landan,
21 ga Maris, 1998

Enid tawa,

Bayan gaisuwa, na gode da amsarki da kuma biskit ɗin da kika aiko, ko da yake rabinsa ya zama gari a hanya. Yaya jikin? Yaya Walter? Na ji daɗi da tarin ƙaramar jikarki Bethan ya lafa.

Kin rubuta layi ɗaya a ƙasan takardarki: "Ba Dilys ba ce?" Shekara ashirin da uku babu wanda ya ambaci sunan nan a gabana. Ashe kin sani, kika yi shiru.

Ita ce. Bari in faɗa miki yadda abin ya kasance, domin ban taɓa faɗa wa kowa daidai ba, har Hugh ya mutu.

Lokacin da na bar Bradford na zo Landan, na zubar da sunan Norma Sugden na ɗauki Lorna Sayle, ɗaki ɗaya muka kama da Dilys Prosser a unguwar Camden. 'Yar Wales ce, tana ɗinki a sashen kayan 'yan wasa. Bargo ɗaya, tukunya ɗaya, in ta samu kifi da soyayyen dankali sai ta raba biyu ta ba ni babban. Ita ta ɗinka min duk abin da na sa na je neman aiki. Ba ta amfani da tef ɗin awo. Kallonka za ta yi, ta lumshe ido ɗaya, ta ɗauki almakashi.

Da aka ba ni fim ɗin, darakta ya ƙi rigar da kamfani ya kawo, ya ce ta yi kama da labulen otal. Dilys ta sayi ragowar siliki a kasuwa ta yanka wata cikin kwana biyu. Da fim ya fito, 'yan jarida suka tambaye ni wa ya tsara rigar. Na ce ni ce. Ban shirya faɗa ba, bakina ne ya riga ni. Da na koma ɗaki na tarar ta karanta jaridar, ta ce, "To, sannu tela," ta miƙo min shayi. Shi ke nan.

Daga nan mata suka yi ta neman irinta. Hugh ya buɗe mana shago a Chelsea da sunana a saman ƙofa. Ni ina gaba ina karɓar baƙi ana ɗaukar hotona, Dilys tana ɗakin baya da alli a hannu. Ina kawo shawara, ban ce ban yi komai ba. Launi nawa ne, kuma na san abin da mace ke so a gani a jikinta. Amma yanka nata ne, kuma riga yanka ce. Shekara tara muka yi a haka.

Sau ɗaya tak ta roƙe ni abu. A gaban masu ɗinki shida, da rana tsaka, ta ce tana so a ƙara sunanta a ɗan ƙyallen da muke liƙawa a wuyan riga, ko da ƙananan haruffa ne. Na ce, "Haba Dilys, wace ce za ta shiga liyafa da sunan Prosser a ƙeyarta? Ai sai a ɗauka daga shagon mahauci ta fito." Aka yi dariya. Ni na fi kowa.

Akwai rigar amarya a hannun Dilys, ta yi kwana huɗu ta gama ta, ta share ƙasan teburinta, ta tafi. Bayanta na ɗauki masu yanka biyu, maza, suka ci gaba da kwaikwayon abin da ta bari. Daga baya wata ta ce min ta ji Dilys ta rasu a Wales. Ban bincika ba. Labarin ya yi min daidai.

Jiya Imogen ta kira ni in ga guntun fim ɗin da za su riƙa nunawa a bangon zauren baje kolin. An wanke shi ya fito tas. Akwai wurin da nake tsaye gaban madubi kafin in tafi kogi. Na kalli wurin nan ya fi sau ɗari, kullum fuskata nake kallo. Jiya sai idona ya sauka a kusurwar madubin. Enid, Dilys tana ciki. A durƙushe take a bayana, da fil a bakinta, ta riƙe bakin rigar don kada ya naɗe. Ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ta ɗago kai, kuma ni take kallo.

Tun daga lokacin, in na shiga ɗakin ɗinkina da safe sai in ji ƙarar almakashi a kan katako, a hankali, yadda take yi. Na san bututun ruwan zafi ne. Na sa an duba, bututu ne. Amma na daina shiga.

Kada ki gaya wa Walter.

Taki har kullum,
Norma


Landan,
6 ga Afrilu, 1998

'Yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida duka. Ina fata sanyin nan bai taso miki da ciwon ba. Wannan gajeriya ce, jirgin ƙasan da zan hau ƙarfe goma zai tashi.

Kin ce in nemi kabarinta in kai furanni ko na samu sauƙi. Na bi shawararki. Na rubuta wa limamin cocin garinsu na tambayi inda aka binne ta. Shekaranjiya amsa ta zo, amma ba daga gare shi ba. Daga 'yarta ce, Carys, wadda ban ma san da ita ba.

Dilys ba ta mutu ba. Mijinta ne ya rasu a wancan lokacin, wadda ta ba ni labari ce ta rikita. Tana nan da rai a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Aberystwyth, shekara huɗu ke nan ciwon mantuwa ya kama ta. Carys ta rubuta, "Na san ko ke wace ce. Hotonki na cikin akwatin zarenta tun ina yarinya, kuma ba ta taɓa bari mun zage ki ba, duk da mun so. Ki zo in kina so, amma kada ki zo da mai ɗaukar hoto."

Na fi jin tsoro yanzu a kan lokacin da nake zaton ta mutu. Matacce kana faɗa masa abin da ka ga dama.

Ki sa ni a addu'a.
Norma


Aberystwyth,
27 ga Afrilu, 1998

Enid, 'yar'uwata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe min shirun mako uku. Na samu katinki a masaukina, na gode. Yaya Walter, yaya Bethan da makaranta? A nan ruwa ake yi kusan kullum, iska daga teku kuma ba ta san girman tsohuwa ba.

Na gan ta.

A jirgi na shirya maganata tsaf, na haddace ta kamar yadda nake haddace wasa. Carys ta tare ni a tasha, doguwa ce, ba ta da fara'a, kuma ban ga laifinta ba. Ta kai ni wani ɗaki mai taga babba. Dilys na zaune a bakin tebur, ta ƙanƙance, gashin ya yi fari fat. An tara mata tsofaffin jaridu da almakashin yara marar kaifi. Yanka take yi. Na duba abin da ke zube a ƙasa, hannun riga ne da wuya da gaba da baya, ko wanne daidai, babu alli babu awo. Ba ta san sunan 'yarta ba, Enid, amma hannun bai manta komai ba.

Na durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nawa, na ce, "Dilys, ni ce Norma." Na faɗi komai. Maganar jarida, maganar mahauci, dariyar. Na ce rigunan nata ne, kuma zan faɗa wa duniya. Ina kuka har majina.

Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi, kamar yadda ake sauraron baƙo. Sannan ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, kin sha wahala. Ki jira Norma ta dawo ki gaya mata, ita ce mai iya magana. Ta fita ganin 'yan jarida, yanzu za ta shigo."

Na ce, "Ni ce fa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya. Ta ce, "Ke? Norma kyakkyawa ce."

Carys ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta na rawa. Har yau ban sani ba ko dariya take ko kuka.

A mota na gaya mata na yi wa Imogen waya na faɗa mata gaskiya, za a gyara duk rubutun zauren, sunan uwarta zai hau kan riga arba'in da ɗaya, kuma shi ne a sama. Imogen ta ce ta daɗe tana zargi, domin ɗinkin na bahagon hannu ne ni kuwa da dama nake sa hannu a takarda. Carys ta ce, "Ya yi kyau. Da kin yi haka shekara biyar da suka wuce, da ta sa kwat ɗinta mai kyau ta je ta gani."

Na san jaridu za su ci namana a watan Yuni. Lauyana ya ce hauka nake. Wataƙila.

Washegari na koma, ban san dalili ba. Na tarar tana fama da allura, idon ba ya gani. Na karɓa na zura mata zaren. Ta ce, "Ke ce sabuwar yarinyar da aka ɗauka?" Na ce ni ce. Ta ce, "To zauna, kada ki tsaya min a ka kamar sandar fitila." Ta ba ni ƙyalle ta ce in yi mata kalmasa. Na yi iya ƙoƙarina. Ta ɗaga shi a haske, ta ce, "Wa ya koya miki wannan ta'asa? Kaza ma ta fi ki." Ta warware shi duka ta ce in sake.

Yau kwana goma sha tara ina zuwa. Kowace safiya sabuwar yarinya ce ni, kowace safiya sai an tambayi sunana. Na daina cewa Norma, don yana sa ta kallon ƙofa. Wani lokaci tana ba ni labarin ƙawarta 'yar wasa, yadda take da wayo, yadda suka yi sanyi a Camden. Ba ta taɓa kaiwa ga ƙarshen labarin ba. Ina zaune ina ji, allura a hannuna, ban san ko rahama ce aka yi min ko hukunci ba.

Na kama ɗaki a wurin wata gwauruwa kusa da bakin teku har ƙarshen bazara. Zan je Landan ranar buɗe baje kolin tare da Carys, in ta yarda, in dawo a jirgin yamma. Don Allah ki sa Walter ya je gidana ya kwaso min takalman sanyi da tabarau na biyu, makulli na wurin maƙwabciyata. In gwiwa ta bar ki, ki zo ki kwana biyu. Akwai gado biyu a ɗakin.

Zan tsaya nan, tara ta kusa, kuma ba ta son a makara. Jiya ta ce kalmasata ta fara zama ta mutane.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Norma