Wayata Ta Ba Da Shaida a Kaina

Funtua, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Sadiq, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan Allah ya ƙara muku lafiya, kai da Rukayya da yara. Mu nan kalau muke, masara ta yi kyau, ƙafar Inna ta warke. Abin da bai warke ba shi ne mutuncin yayanka, wanda ya zube ranar Juma'a da rana tsaka.

Ka san Alhaji Isyaku na Malumfashi, wanda ɗana Awaisu ke neman 'yarsa Ummukulsum. Ya zo binciken gidanmu da kansa, ya fake da tambayar farashin masara a kasuwar Bakori. Na zaro waya cikin isa, na gyara tabarau, na rubuta tambayar. Allah shaida, ban taɓa komai ba bayan haka. Sai manhajar tsaro ta rine fuskar wayar da ja, tana shelar ta tare shafin caca da wayar nan ta nemi buɗewa. Alhaji ya karanta a tsanake, har da motsa leɓe.

Uwargida Hajiya Bilki ta fahimtar da ni cewa manhajar shiga intanet tana da rawar kai irin ta sabon bara: kafin ka zaɓi shafi, ta riga ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar wanda ke saman jeri, wai don ya buɗe maka da sauri. Na saman kuwa tallan 'yan caca ne. Su ma sun ga sawuna a ƙofarsu, yanzu tallansu na bi na har cikin jadawalin lokutan salla.

Jiya na bi Alhaji har gida don in wanke kaina. Na maimaita komai a gabansa, jan ya sake fitowa, wannan karon kuma limamin unguwarsu na zaune. Na shiga saiti na kashe wannan shisshigi, na sake gwadawa, shiru. Alhaji ya dubi liman, ya ce ashe har rufe bakin shaida na iya.

An jingine maganar auren zuwa Juma'a mai zuwa. Awaisu yana gaishe ni yana kallon bango. Kai aikin kwamfuta ne sana'arka, kuma Alhaji yana ganin girmanka. Don Allah ka kira shi ka yi masa bayani da bakinka. Kada ka turo ta wayata, don na haramta mata sake haɗuwa da surukai.

Inna da Hajiya Bilki suna gaishe ku. Ka gaida Rukayya da 'yarku Mero.

Yayanka, wanda har yanzu kansa ke sunkuye,
Maitama.